Baƙon Umma da Girkin Faransa

Masu bibiyata, yau zan faɗa muku abin da na so in yi wa mahaifiyata, kuma don Allah ku bari in kai ƙarshe kafin ku fara yi min faɗa a wurin sharhi. Ku kuma da kuka dame ni da tambayar wane ne saurayina, ku ƙara haƙuri, har yanzu babu. Shekarata goma sha takwas, ina zaman jiran sakamakon jarrabawa, kuma mutumin da ya hana ni sukuni sati biyu cur ba wurina yake zuwa ba. Umma yake so.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, mu biyu ne rak a gidanmu, a hawa na biyu na wani tsohon bene. Abba ya rasu ina da shekara tara. Umma ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin haihuwa, tana kirana Auta ko da yake ni ce ta fari ni ce ta ƙarshe. Tun rasuwar Abba komai tare muke yi. Ita ke wanki ni ke shanya, in ta dawo aiki ƙafarta ta kumbura ni ke matsa mata muna kallon talabijin. Kujerun teburinmu uku ne, amma ta ukun jakunkuna muke ɗora mata.

Mutumin kuwa malamina ne na Faransanci a darasin yamma. Ranar farko ya ce mu riƙa kiransa "misiye", bakinmu ya ƙi, muka mayar da shi Mushe. Ya yi dariya ya ce shi dai ga shi da ransa, amma ya karɓa. Ya kai hamsin, gemunsa ya fara furfura, matarsa ta rasu da daɗewa, 'ya'yansa biyu sun girma sun bar gida. A aji ina son sa sosai. Matsalar ta fara ne ranar da wayar Umma take caji a kan firji, ita tana wanka, saƙo ya shigo daga "Malamin Auta". Na ɗauka ƙarata ya kawo, don a makon na yi barci a aji, sai na buɗe.

"Kalmar yau ita ce parapluie, wato laima. Na ga hadari, kuma na san kin fita babu ita."

Na ja sama, na ƙara ja, har yatsana ya gaji. Wata huɗu suna hira. Na rantse babu maganar banza ko ɗaya, gaisuwa ce da kalmar Faransanci guda kullum da hoton wani tumatir da yake shukawa a bokiti. Abin da ya ƙona min rai amsoshin Umma ne. Matar da in na rubuta mata layi goma take amsa min da "To", ita ce take rubuta wa Mushe layi shida har da fuskar dariya.

A nan na yi abin kunyar. Na kira Gwaggo, yayar Abba, wadda in ta yi magana a dangi ba mai ƙarawa. Tun shekarar rasuwa ta faɗa wa Umma a gaban mutane cewa duk ranar da ta yi aure, 'yar ƙaninta ba za ta zauna a gidan wani ba, wurinta zan koma. Na san da wannan sarai. Ban ce mata aure ba, cewa kawai na yi akwai wani malami da ke yawan turo wa Umma saƙo. A wurin Gwaggo wannan ya isa.

Ranar Larabar da ta wuce Umma tana guga, ba ta ko ɗago kai ba ta ce Asabar za mu yi baƙo, malamina zai zo cin abinci. Hannun riga ɗaya ta goge shi sau uku. A raina na ce shi ke nan, za a zaunar da ni a ce ga sabon Abbanki. A fili kuwa murmushi na yi, na ce ai mutumin da ya yi shekara shida a Faransa bai kamata a ba shi abin da yake ci kullum ba, mu yi masa girkin can. Umma ta ji daɗi har ta kusa ƙona rigar.

Ku fahimci makircin. Umma ta iya girki, amma ba ta aunawa, da ido da hannu take yi, kuma ba ta son a gaya mata. Sai na kwana biyu ina binciken bidiyo na zaɓo abubuwa huɗu masu ka'ida kamar jarrabawa: miyar albasa da ake ɗora wa burodi da cuku a gasa, kaza a cikin kirim, dankalin turawa da ake jerawa a cikin madara, sai babban makamina, wani abu da ake kira sufle. Ƙwai ne da cuku da ake kaɗawa har ya zama kumfa, a sa a oben ya kumbura ya tashi kamar hula. Matar bidiyon ta yi gargaɗi har sau uku cewa duk wanda ya buɗe oben kafin minti ashirin da biyar, abin zai faɗi warwas. Na rubuta wannan a zuciyata.

Asabar da safe na ba Umma jerin cefane ta fita. Da ta dawo ina fito da kaya na ga kaza ɗaya, sannan ga wata leda cike da cinyoyin kaji. Na tambaye ta ina naman kazan da na rubuta, ta nuna min ledar ta ce ga shi nan rabin kilo, masu tsoka ta zaɓa. Na nuna mata hoton abin da nake nufi a waya. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan da ke fitowa a gindin ruɓaɓɓen icce? Shi za mu ba mutum mai mutunci?"

Ni na sauka kantin kwana na sayo na gwangwani, ina tafe ina dariya ni kaɗai har mai kantin ya tambaye ni lafiya.

Kicin ɗinmu siriri ne, mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya juya gefe. Oben ɗin kuwa tun bara fitilar cikinsa ta mutu, gilashin ya dushe, muka mayar da shi ma'ajiyar kasko da murafen tukwane. Ƙarfe biyu muka kwashe su muka jingina wayata da gwangwanin sukari muka fara. Umma ta ɗaure kanta da tsohon ɗankwali, ta sa takunkumin asibiti wai don albasa, ta miƙo min hannu ba ta kalle ni ba ta ce "wuƙa", kamar muna ɗakin tiyata. Albasa takwas manya muka yanka. Takunkumin bai hana komai ba, mu biyun muka yi ta hawaye muna jan hanci, ina faɗa mata ta yi siriri tana faɗa min ta fara yanka albasa tun ban zo duniya ba.

Matar bidiyon ta ce a yi ta juya albasar a ƙaramar wuta har minti arba'in da biyar. Umma ta ce a minti arba'in da biyar ta sha karɓar haihuwar tagwaye, ta kai hannu za ta ƙara wuta, na buge hannun. Na buge hannun Umma, jama'a, ni da na shirya komai don ya lalace. Ban san lokacin da na fara kare girkin ba. Albasar ta yi laushi, ta koma ruwan zuma, ƙamshinta da na bota ya cika gidan har maƙwabciyarmu ta ƙasa ta leƙo ta taga. Sai matar bidiyon ta ɗauko kwalba ta tuttula rabin kofi a tukunya. Umma ta tambayi mene ne, na ce giya ce. Ta nemi tsari ta ce in kashe matar nan. Da romon cinyoyin da ta sayo bisa kuskure da ɗan lemun tsami muka maye gurbinta, kuma wallahi ya yi daɗi, Umma ta yi ta min gori wai kuskurenta ma ya fi ka'idata.

Tana juya kazar ta fara gwada min kalmomin da aka koya mata. Sunan ƙwai ta faɗa kamar wadda aka nausa a ciki. Sunan bota kuwa ta yi ta murza shi a maƙogwaro har ta ƙware, na ba ta ruwa. Na daɗe ban ga Umma tana wauta haka ba. Kullum a gajiye take dawowa, ta ci abinci a tsaye, ta yi barci da waya a hannu saboda kiran gaggawa.

Wajen ƙarfe huɗu da rabi wayarta ta yi ƙara. Hannunta duk bota da fulawa, ta ce in ɗauka in buɗe murya. Gwaggo ce. Gaisuwar ba ta yi minti ɗaya ba.

"Na ƙara kira ne in tuna miki. Ban hana ki aure ba, ke ba yarinya ba ce. Amma maganata tana nan, ranar da kika kawo wani, ki haɗa min kayan 'yata."

"Na ji, Yaya."

Gwaggo ta tambayi ƙarar me take ji haka, Umma ta ce ita da Auta ne ke koyon girki. Ana kashewa tawa wayar ta yi ɗan motsi a jikin gwangwanin sukari, saƙon Gwaggo ya sauko a kan fuskar matar bidiyon: "Ki sa ido, duk abin da kika gani ki faɗa min. Allah ya yi miki albarka." Na yi sauri na share shi da yatsa.

Umma ta koma jera dankali a faranti, yanka bisa yanka, ta ce ita dai tana zargin maƙwabciyarmu ta ƙasa ce ke kai labari, matar ba ta da aiki sai leƙe. Matar nan ita ke kwashe mana shanya in ruwa ya sauko. Na tsaya da ludayi a hannu, na ji ba zan iya bari ba.

"Umma, ni ce na faɗa wa Gwaggo."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na fito wanka na tarar an karanta min saƙon laima."

Na tambaye ta to me ya sa ta ɗora wa maƙwabciya. Ta ce ƙofa ta buɗe min ta ga ko zan bi, kuma ta ji daɗi da ban bi ba. Daga nan bakina ya buɗe. Na ce mata ni ba Mushe nake ƙi ba. Tsoro nake ji ta sami wanda za ta riƙa ba labarin aikinta ba ni ba, a sauke hoton Abba daga bango, in tafi jami'a in dawo hutu in zama baƙuwa a falonmu. Wannan karon babu albasar da zan fake da ita. Umma ta goge hannunta a ɗankwalin kanta, ta kama fuskata, fulawa duk ta shafe min kumatu.

"Abbanki ba ya sauka daga ko'ina. Amma Auta, shekara tara kullum ni ke tambayar wani ko ya ci abinci. Shi ne mutum na farko da ya tambaye ni ko ni na ci."

Sannan ta ce in kwantar da hankalina, daga yau ba zan ƙara shiga damuwa a kan wannan maganar ba. Na ɗauka nufinta sun tsara yadda za su shawo kan Gwaggo. Kafin in tambaya madarar da ke kan wuta ta taso ta zube, muka yi kanta da tsumma.

Shida saura muka bar kicin don shiri. Na kwashe jakunkunan kan kujera ta uku, na shimfiɗa farin ƙyallen tebur, na fito da farantan nan masu bakin zinare da ba a taɓa su sai an yi baƙi. Na so in kunna kyandir kamar a bidiyo, Umma ta ce mutumin zai ɗauka wuta aka ɗauke mana. Ita kuwa ta fito cikin wata doguwar riga koriya shar mai aikin azurfa a hannu, wadda ta saya shekara biyu da suka wuce ba ta taɓa sa ta ba, da mayafi ruwan toka da 'yan kunne ƙanana. Ta sa kwalli. Ta tsaya a ƙofar ɗakina tana kame-kame, can ta ce in ara mata jan bakina, mai sauƙin launi. Ni na shafa mata. Ya ɗan karkace, sai da muka goge muka sake.

Bayan magariba na kaɗa farin ƙwai da maburgi har kafaɗata ta mutu. Matar bidiyon ta kife kwanon a kan kanta don nuna kumfar ta kama, Umma ta ce ita ta yi kwalliya, ni in gwada a nawa. Bai zubo ba. Muka haɗa da cuku a hankali muka sa a oben, na saita agogon waya minti ashirin da biyar. Saƙo ya shigo wa Umma: "Na taso, minti ashirin in Allah ya yarda." Ta ruga ɗaki canza mayafi karo na uku.

Sai ga ni ni kaɗai a gaban oben. Ba zan ɓoye muku ba, na ɗora hannu a kan mariƙin. Zafinsa yana ratsa tafina, na tsaya ina tuna Umma tana ƙwarewa a kan sunan bota. Na sauke hannuna, na ɗauki cokula na tafi falo na jera su, ina jin kaina wata babbar mutuniyar kirki.

Da na dawo, me zan gani? Umma ce a durƙushe da koriyar rigarta, ƙofar oben a wangale, tana leƙa ciki.

"So nake in ga ko yana numfashi," in ji ta.

Ya tashi kuwa, ya yi kyau, ya yi ja a sama kamar na matar bidiyo. Muna kallonsa ya fara sauka a hankali kamar ƙwallon da aka zare wa iska, har ya kwanta a gindin kwano. Muka kalli juna. Ni na fara dariya, na ce mata ai wannan shi ne ainihin abin da na shirya yi na fasa. Umma ta zauna daɓas a ƙasan kicin tana riƙe ciki, ta ce ashe ita ta ƙarasa min aikina kyauta. Muna cikin haka aka danna ƙararrawa.

Mushe ya shigo da farar riga a goge, takalminsa yana ƙyalli, hannunsa riƙe da ɗan kwali mai tumatir bakwai na bokitinsa. Ya gaishe ni da Faransanci, na amsa daidai, ya ce da a aji nake haka da ya huta. Kafin ya zauna ya tsaya gaban hoton Abba ya yi masa addu'a a hankali. Na lura da wannan.

Miyar albasa ta yi daɗi, sai dai cukun ya yi ta miƙewa daga cokali zuwa gemunsa, yana ja yana ƙara tsawo, Umma ta rufe baki da mayafi. Ya ci kaza, ya tambayi wa ya yi, kowaccenmu ta nuna 'yar uwarta. Daga nan ya tona wa kansa asiri, ya ce shekara shidan da ya yi a can ɗalibi ne, burodi da dafaffen ƙwai da kifin gwangwani ya rayu a kai, irin wannan abincin ta gilashin gidajen abinci yake hango shi, yau ne karon farko da ya kai shi baki. Na kawo suflen na sanar da sunansa da iyayi. Ya gyara tabarau ya duba kwanon, ya ce a littafi dai ya san abin yana tashi, amma duk wanda ya shigo gidan nan ba zai so ya tashi ba. Sau biyu ya ƙara. Ya tambaye ni abin da nake so in karanta, ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba. Umma kuwa dariya take ta yi, amma na ga abincinta kusan yadda na zuba yake.

Na kwashe kwanuka na ce su zauna ni zan wanke. Na buɗe famfo da ƙarfi don su sake. To, bayan minti biyu na rage shi, ku ma da kun rage.

Muryarsa na fara ji. Yana cewa ya karɓi amsarta kuma ba zai matsa mata ba, aikin koyarwar nan na kwalejin da ke can nesa da ya daɗe yana ja musu rai ya amsa musu, ƙarshen wata zai tafi. Ya gode da ta bar shi ya zo ya yi sallama a mutunce.

"Ba zan iya bari a ɗauke ta ba," in ji Umma. "Ita ma ba ta shirya ba. Ka yafe min."

"Babu laifin da kika yi. Yarinya ce mai hankali, ki riƙe ta."

Kumfar sabulu tana gangarowa gwiwar hannuna ban motsa ba. Ya leƙo ƙofar kicin ya yi min godiya, ya ce malamar da za ta gaje shi ta fi shi iyawa, kada in yar da yaren. Na ji an rufe ƙofa, na ji takunsa yana sauka.

Umma ta shigo tana murmushi, kwallinta ya ɗan zame, ta karɓi soso ta kama wani kasko da na riga na wanke ta shiga gogewa. Na tambaye ta yaushe ta ba shi amsa. Ta ce kwana goma ke nan, tun kiran Gwaggo na farko. Wato duk wunin nan da muke yanka albasa tana koyon sunan ƙwai, ta san abincin bankwana take dafawa.

"To kwalliyar fa, Umma?"

"Mutum zai tafi, gara ya tafi da kyakkyawan hoto."

Ban cire rigar girki ba, ban ɗauraye hannu ba. Mayafinta da ke kan kujera na fizga, na zura silifas, na sauka matakala bibbiyu tana kirana daga sama. Takwas ta ɗan wuce, shagunan layinmu duk a buɗe. Allah ya taimake ni tsohuwar motar Mushe ba ta tashi a bugun farko, na same shi yana fama da makulli. Na ƙwanƙwasa gilashi, na bar masa tambarin kumfa a jiki. Ya sauke.

"Mushe, Umma ta ce ban shirya ba, amma ba ta tambaye ni ba. Kai ma ba ka tambaye ni ba."

Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau. Sannan ya zare makullin ya ajiye a cinya.

"To, Auta, na tambaye ki."

Na buɗe baki ke nan hasken mota ya haske mu daga baya. Tasi ce ta tsaya daf da motarsa ta tare masa hanya. Direban ya zagaya ya fito da wata babbar jaka, irin wadda ba a ɗauka don kwana ɗaya ko biyu, sannan ƙofar baya ta buɗe, Gwaggo ta sauko da ƙafa ɗaya tana gyara mayafi. Ta kalle ni daga silifas har kumfar hannuna, ta kalli tagar benenmu inda Umma take tsaye da koriyar riga, sannan ta sunkuya ta leƙa cikin motar.

"Wane ne wannan?"

Na goge hannuna a rigar girki, na ƙarasa na karɓi jakarta.

"Sannu da zuwa, Gwaggo. Baƙonmu ne, ni da Umma. Kuma gobe ma zai dawo, ni na gayyace shi."